Ƙaramar kwamfuta mai araha da ƙarancin cin wuta: a saya ko a bari?

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a filin kasuwa da kiwo na wannan mako, domin wanda bai samu saurare ba ya karanta, ko a karanta masa.

Tambayar da ta yi ta zuwa mana ita ce ta waɗannan ƙananan kwamfutoci da ake talla yanzu. Ana cewa suna da araha, ba su cin wuta, kuma manhajar da ke cikinsu ba a biyan ko dala. Shin ɗan kasuwa ko makiyayi ya sa kuɗinsa, ko kuwa ya bari?

Bari mu ba da amsar tun farko, sannan mu kawo dalili. Idan ƙungiya ce ko shago mai rubuce-rubuce da yawa, a wurin da wuta ba ta zama, kuma akwai mutum ɗaya da zai riƙe na'urar ya koyi aikinta, to a saya, za ta biya kuɗinta. Idan kuwa mutum ɗaya ne da garkensa, ko mai ɗan tebur a kasuwa, wayar da ke aljihunsa ta ishe shi, ya ajiye kuɗin ya sayi allura da dusa.

Wace kwamfuta ake nufi?

Iri uku ne ke yawo, kuma masu talla sukan haɗe su a baki ɗaya.

Ta farko ita ce 'yar mitsitsiyar nan da ba ta fi katin shaida girma ba. Wadda ta fi suna ita ce Raspberry Pi, da aka fara sayarwa a 2012 daga birnin Kambirij na Ingila, a kan dala 35. Dalar Amurka fa muke nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba, wato wajen jikka 20 ke nan. A 2020 kamfanin ya fito da samfurin 400, wanda aka cusa kwamfutar gaba ɗaya cikin allon madannai, a kan dala 70. Irin wannan wutar da take ci ba ta kai ta ƙwan fitila ba, da caja irin ta waya ake kunna ta.

Ta biyu ƙananan akwatuna ne masu girman sabulun wanki, yawanci daga Sin, masu ɗauke da ƙwaƙwalwar Intel mai tsimin wuta, irin N100 da ta fito a 2023. Sun fi ta farko ƙarfi, sun fi ta tsada.

Ta uku kuwa ba sabuwa ba ce: tsohuwar laftof ce, 'yar Kwatano, da aka goge mata Windows aka zuba mata Linux. Wannan irin zai ƙara yawa a kasuwa, domin tun ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, kuma tsofaffin na'urori da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Ofisoshin Turai suna sauke su, mu kuma tashar jirgin ruwa tana kawo mana su.

Mece ce buɗaɗɗiyar manhaja?

Manhaja ita ce umarnin da ke sa ƙarfe ya yi aiki. Akwai wadda kamfani ya kulle, sai ka biya lasisi kafin ka taɓa, kuma ba ka da ikon leƙa cikinta. Akwai kuma wadda masu ita suka buɗe wa duniya: kowa na iya ɗauka, ya gyara, ya ba wani, ba laifi ba tara. Ku ɗauke ta kamar rijiyar gari da aka haƙa da aikin gayya. Ba mai tsayawa a baki yana karɓar kuɗin guga. Amma kun san rijiyar gari ma sai an riƙa yashe ta, in ba haka ba ta cike. Wannan maganar za mu dawo kanta.

Uwar waɗannan manhajoji ita ce Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Daga cikinta aka yi nau'o'i da yawa. Wanda ya fi shahara shi ne Ubuntu, da Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu, ya ƙaddamar a 2004. Don rubuta wasiƙa da jadawalin lissafi akwai LibreOffice, mai yin aikin Word da Excel, kuma tana buɗe takardunsu.

Kada wani ya ce maka kayan wasa ne. Wayar Android da ke hannunka a kan Linux aka gina ta. Jandarmomin Faransa sun mai da dubban kwamfutocin ofisoshinsu kan Ubuntu tun wajen 2008. A nan gida ma, cibiyar BloLab ta Kwatano ta koya wa yara harhaɗa kwamfuta cikin jarkar roba da tsofaffin kayan da aka zubar, suna zuba mata Linux tana aiki.

Lissafin wuta

Nan ne mai talla ya fi ɗaga murya, to bari mu sa alƙalami.

Mu ɗauka tsohuwar kwamfutar tebur da allonta suna cin wat 120. Ƙaramar kuwa, ita da allonta, mu ba su wat 30, kuma yawancin wannan ma allon ne ke sha. Idan shago yana aiki awa 8 a yini, kwana 26 a wata, babbar za ta ci wajen kilowat 25 a mita, ƙaramar wajen 6. Bambanci 19 ke nan. Kowa ya duba takardarsa ta SBEE ya ga nawa ake sayar masa da kilowat, amma in mun ɗauka sefa 125 ne, abin da ka tsira da shi a wata bai kai jikka biyu da rabi ba. A shekara wajen jikka 28.

Kun ga kuɗi ne, amma bai kai a ce mutum ya jefar da kwamfutar da ke masa aiki lafiya ya sayi sabuwa ba. Wanda ke tsakiyar Paraku, kusa da kasuwar Arzeke, mai mita da wuta a kai a kai, kada tsimin wuta ya ruɗe shi.

Inda lissafin ke juyawa shi ne wurin da babu wutar sam, ko take zuwa tana tafiya. Batir mai bolt 12 da amfiya 100, irin wanda ake haɗawa da sola, yana ɗaukar wat 1,200 na awa ɗaya. Amma in irin na dalma ne, rabi kawai ake sha in ana son ya yi ƙarko, wato 600. Babbar kwamfuta za ta shanye wannan cikin awa 5 a takarda, a zahiri wajen 4, tunda inbata ma tana cin nata rabo. Ƙaramar za ta kai awa 20, kwana biyu da rabi na aiki ke nan ko da rana ba ta fito ba. Farantin sola guda mai wat 100 ya isa ya riƙe ta, alhali babbar sai an jera mata wajen uku, da ƙarin batir. Nan kuɗin yake: ba a takardar wuta ba, a farantai da batura da man janareta da ba ka saya ba.

Sai dai a tuna, lokacin hunturu ƙura takan rufe faranti, cikin Agusta kuma hadari yakan tare rana. A riƙa goge farantin, kuma a bar rara a lissafi.

Wa take amfana?

Tsofaffi sun san cewa Jugu zango ce tun zamanin fatake, lokacin da ayari ke tasowa daga Kano da Sakkwato ya bi ta Nikki ya sauka nan, a kan hanyar Gwanja wajen sayen goro. Ayarin yana da madugu, yana da jagaba, yana kuma da malaminsa guda mai riƙe rubutu. Ba kowane falke ke tafe da tawada da alƙalami ba. To haka kwamfutar nan take: ta ayari ce, ba ta kowane falke ba.

Wuri na farko da za ta yi amfani shi ne karar shanu. A Gogounou, cikin jihar Alibori, makiyaya suka fara karɓar ragamar kasuwarsu da kansu. Dillalai suka koma shaidu, ana ciniki kai tsaye tsakanin mai dabba da mai saye, magatakarda yana yanka tikiti, kuɗin da aka tara kuma ana yi wa kasuwa aiki da shi. Wannan tsari ya bazu zuwa kasuwanni da dama a arewacin ƙasar nan. Ƙarfinsa duka a rubutu yake: wa ya sayar, wa ya saya, wane launi, wace shaida a jikin dabba, nawa aka biya. Ranar da aka zo da maganar saniyar sata bayan wata shida, littafin ne zai wanke mutum ko ya kama shi. Littafin takarda kuwa gara tana ci, ruwa yana jiƙawa, kuma neman suna ɗaya a ciki sai a yini. A jadawalin kwamfuta, ka buga sunan, ya fito nan take. Kasuwa irin ta Kolokonde ko ta Tourou, mai ci mako mako, wannan aiki kaɗai ya isa dalili.

Na biyu, ƙungiyoyin makiyaya. Tun da gwamnatin Benin ta hana shigowar garkunan ƙetare a ƙarshen 2019, takarda ta ƙara nauyi a rayuwar makiyayi: shaidar rigakafi, jerin 'yan ƙungiya, adadin dabbobi, wasiƙa zuwa ga magajin gari in an toshe burtali. Ƙungiyar da ke da na'urarta da firinta ba sai ta ɗauki sirrinta zuwa shagon buga takardu ba.

Na uku, ɗan kasuwar iyaka mai saye da naira yana sayarwa da sefa. Tun da Najeriya ta saki naira a Yunin 2023, canji ba ya kwana inda ya yini. Mai kaya iri ɗari, in ya tsara jadawalinsa, lamba ɗaya zai sauya a sama, farashin kowane kaya ya gyaru da kansa. Haka littafin bashi. Kun tuna Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 har Disamban 2020, kun kuma ga abin da ya sami gadar Malanbil da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Bashin da aka yi da niyyar mako biyu ya koma na shekara. Wanda ya rubuta nasa da rana da shaida, shi ya fi samun bakin magana. Ko ran 30 ga Nuwamba 2024, da lambobin wayar ƙasar nan suka koma guda goma aka ƙara 01 a gaba, mai jerin abokan ciniki a jadawali cikin minti kaɗan ya gyara nasa duka.

Akwai wasu ƙananan fa'idoji biyu. Cutar nan da filash ke kwasowa a shagunan intanet, mai ɓoye takardu ta bar maka inuwarsu, don Windows aka yi ta, ba ta kama Linux. Sannan Linux na zuwa da tsarin madannai na Hausa a ciki, ana samun ɓ da ɗ da ƙ ba tare da an sayi komai ba, haka na Faransanci da na Larabci.

Inda take gazawa

Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. To ga ramukan wannan rariyar.

Farashin da ake faɗa na 'yar mitsitsiyar, na allon ƙarfen ne tsirara. Babu allon kallo, babu madannai, babu linzami, babu caja, babu memori, babu akwatin da za a sa ta. Ka haɗa waɗannan duka, ka sa kuɗin kawowa da na duwan, sau da yawa sai ka tarar ka kai kuɗin laftof 'yar Kwatano mai lafiya. Wanda ke da talabijin mai ramin HDMI a gida ya rage babban kaso, don za ta iya zama allo.

Sannan 'yar mitsitsiyar ba ta da batir a cikinta, kuma a kan memori take ajiye komai. In wuta ta ɗauke tana cikin rubutu, memorin na iya lalacewa, aikin wata shida ya tafi. Don haka kada a haɗa ta kai tsaye da wutar gari, a bi da ita ta batir. A nan laftof ta fi ta, don ita da batirinta take tafe, muddin batirin bai mutu ba.

Zafi da ƙura ma abokan gaba ne. A watan Maris da Afrilu, cikin shagon kwano, ƙaramar kwamfuta takan rage gudu da kanta in ta yi zafi. Tana son inuwa da iska, da ƙyalle a rufe ta in an tashi.

Akwai manhajojin da ba su hawa Linux: CorelDRAW da Photoshop na masu zanen kati da kalanda, da yawancin manhajojin akanta da kamfanoni ke saye. Akwai madadinsu, irin su Inkscape da GIMP, amma sai an sake koyo. Duk abin da ake yi ta intanet kuwa, kamar WhatsApp na kwamfuta, ko neman takardun ANIP, yawanci yana tafiya daidai. Mai kamfani da hukumar haraji ta wajabta wa ba da rasidi na musamman, ya tambayi wanda ya sa masa manhajar rasidin ko tana aiki a Linux kafin ya sauya komai.

Firinta ma sai an duba. Yawancin na HP suna kamawa ba gardama. Wasu tsofaffin Canon samfurin LBP, waɗanda suka cika shagunanmu, sai an sha fama. A gwada kafin a biya.

A yi hattara kuma da Chromebook na gwanjo. Suna da araha da tsimin wuta, amma an yi su ne don wurin da intanet ba ta yankewa, kuma da yawa daga makarantun waje suka fito a kulle da sunan makarantar.

Babban rami kuwa shi ne mai gyara. Yawancin masu gyaran kwamfuta a garuruwanmu a kan Windows suka koyi sana'a. Ka kai wa wani Linux, abin da zai fara ce maka shi ne a goge a sa Windows, ita kuwa 'yar mitsitsiyar ba a yi ta don Windows ba. Daga Jugu zuwa Paraku tafiyar kilomita 130 da wani abu ce. In duk ƙaramar matsala sai an hau mota, arahar ta ƙare a kuɗin mota.

Darasin kwamfutar dala 100

An taɓa gwada wannan a babban mataki. A 2005 wani malamin jami'a a Amurka, Nicholas Negroponte, ya fito da shirin ba kowane yaro laftof ta dala 100, mai Linux, mai tsimin wuta, mai jure faɗuwa. An nuna samfurinta a birnin Tunis tare da Kofi Annan. A 2007 aka kai ta makarantar firamare ta Galadima a gefen Abuja don gwaji. Na'urar kanta ba ta da laifi, ko da yake kuɗinta ya kusa ninka abin da aka yi alkawari. Abin da ya kayar da shirin a wurare da yawa shi ne abin da ba a sa a lissafi ba: wa zai koyar da malamai, wa zai gyara in ta lalace, ina kayan gyara, ina wutar caji. Rijiyar da muka ce sai ana yashewa, ga ta nan. Manhaja kyauta ce, amma mai kula da ita ba kyauta ba ne.

Kafin ka miƙa kuɗi

Ka fara da aikin, ba da na'urar ba. Rubuta abu uku da kake son ta yi maka. In duka ukun waya na yi, ka tsaya nan.

Ka nemo mutumin kafin ka nemo ƙarfen. Ɗanka ne, ko magatakardan ƙungiya, ko wani ɗalibi daga jami'ar Paraku da ke zuwa gida hutu? A yi magana da shi a fili, a yanka masa ɗan abin hasafi, kuma a sa mutum na biyu ya koya a gefensa, don kada ranar da ya sami aiki a Kwatano komai ya tsaya. Kalmar sirri kuma shugaba da ma'aji su san ta.

Ka gwada kafin ka saya. Ana iya zuba Linux a filash a kunna kowace laftof da ita ba tare da an goge komai ba. Ka je da firintarka, ka buga takarda ɗaya a gaban mai sayarwa. Ka cire caja ka ga minti nawa batirin zai riƙe. Ka duba madannan, na Faransanci ne ko na Ingilishi, wanne mai aikin ya saba da shi.

Ka haɗa kuɗin duka a takarda ɗaya, har da allo, batir, faranti da ladan mai kula, sannan ka gwada da na laftof 'yar Kwatano. Ga yawancin shaguna da ƙungiyoyinmu, laftof mai lafiyayyen batir da aka zuba wa Linux ita ce ta fi dacewa: allo da madannai da batir duk a jiki ɗaya, wutar da take ci ba ta da yawa, kuma kayan gyaranta suna nan a kasuwa. 'Yar mitsitsiyar ta fi kyau inda za a girke ta wuri ɗaya a kan sola, kamar ofishin kara ko ɗakin karatu.

Kowace Juma'a a kwafe aikin mako a filash biyu, ɗaya a ofis, ɗaya a gidan wani. Littafin takarda kuma kada a jefar da shi a shekarar farko, a riƙa tafiya da su biyun har hannu ya faɗa.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Wannan kam tana iya yi, in an san aikin da aka saye ta dominsa, kuma aka ba ta mai riƙo.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba batir da farantin sola: yadda ake gane na ƙwarai da jabu, da yadda ake auna abin da shago ke buƙata. Mai tambaya ya aiko ta hannun wakilinmu na kasuwarsu. Allah ya ba da sa'ar ciniki, ya tsare dukiya, ya sa a sauka lafiya.